A Biya Ɗan Kokowa, Kada a Sayar da Gari

Yau maganar wasa za mu yi. Amma kada ka ji an ce wasa ka rufe littafi. Akwai kuɗi a cikin wannan magana, akwai ƙashin mutum, akwai kuma sunan garinku.

Ga yadda ta taso. Wata rana da la'asar sakaliya mun tashi daga darasi, muna naɗe tabarmi a rumfar aji. Sai wani saurayi cikin ɗalibaina, wanda bai daɗe da komowa daga cin rani a Legas ba, ya fiddo salula ya ce mu zo mu gani. Muka taru a kansa. Wani fili ne babba, kore shar, an haske shi da fitilu kamar rana. Mutum guda ya sheƙo da gudu ya jefa ƴar ƙwallo. Wani mai faffaɗar sanda ya make ta, ta tashi sama ta faɗa cikin ƴan kallo. Wuri ya ɗauki ihu.

Ya ce, "Malam, wanga shi ne kurket. Ka ga mai sandan nan? Abin da aka biya shi cikin wata biyu, geron ƙauyenmu na shekara goma bai kai shi ba. Attajirai ke da ƙungiyoyin. Kowane ya sayi gari guda, ya sayi ƴan wasa. Mi zai hana mu yi ma kokowa haka nan Arewa? Komin goma gare mu, daga Dogon Kirya har Gesheme. Kowace a samu alhaji guda ya saye ta, a yi gasa da rani, ƴan kokowa su huta da talauci."

Wani dattijo da ya fi kowa shekaru a ajin yana kakkaɓe hularsa. Ya ce, "Yaro, a sayi wa? Matankari za a kai kasuwa, ko ɗiyanta?" Aka yi dariya aka watse.

Ni maganar ta bi ni har gida. Yaron bai yi ƙarya ba, don na san ƴan kokowa da suka tsufa ba su da ko akuya. Tambayar Baba kuma ba ta raini ba ce. Sai na shiga bincike. Na yi tambaya, na saurari rediyo, na karanta abin da ɗan ilimina ya kai. Ga abin da na samo, ga kuma ra'ayina. In ka gama karantawa ka auna da kanka.

Da fari, mene ne kurket? Wasan Ingila ne. Mu da Faransa ta mallaka bai zo wajenmu ba, ƙwallon ƙafa muka sani. Ƙasashen da Ingila ta mallaka su suka gaje shi: Indiya, Pakistan, Afirka ta Kudu, Ostireliya da sauransu. Maƙwabtanmu na Najeriya ma suna buga shi. Tun zamanin Turawa ana koya ma ɗalibai shi a Kwalejin Katsina. A 2025 ƴan matan Najeriya ƴan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Maleshiya, har suka ci ƙasar New Zealand. In ka taɓa kallon fim ɗin Indiya mai suna Lagaan, na 2001, inda manoma suka kara da Turawan mulki a kan haraji, to wasan da suka buga ke nan.

Kowane gefe mutum 11 ne. A tsakiyar fili ana kafa ƴan sanduna uku a nan, uku a can, tsakaninsu kamar mita 20. Gefe guda na jifa, gefe guda na duka. Mai jifa yana son ƙwallo ta kada sandunan nan. Mai duka yana tsare su da sandarsa, yana neman maki. In ya make ƙwallo ta gangara har iyakar fili, maki 4 ne. In ta tsallake iyakar a sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6. In ƙwallo ta kada sanduna, ko aka cafe ta a sama, mai duka ya fita, wani ya shigo. Daga baya a juya, masu jifa su koma duka. Wanda ya fi maki shi ya ci.

Kurket na asali doguwar tafiya ce. Wasa guda yana iya cin kwana biyar, kuma a tashi canjaras. Ka ji fa, kwana biyar. Wane ɗan kasuwa zai rufe shago kwana biyar don kallo? Da ƴan kallo suka ragu, sai a 2003 Ingila ta fito da gajere. Kowane gefe jifa 120 kawai zai yi. Cikin awa uku an gama, kowa ya tafi gida. Mutum ya tashi daga aiki, ya ɗauki iyalinsa, ya je ya gani tun daga fari har ƙarshe. Gidajen talabijin suka so shi, masu talla suka biyo su, kuɗi suka shigo.

Indiya ce ta mai da shi kasuwa. A 2008 ta buɗe gasar da ake kira IPL da ƙungiya takwas. Kowace ƙungiya tana ɗauke da sunan wani birni ko wata jaha, amma mallakar ƴan kasuwa ce. Shah Rukh Khan, wanda kuke gani a fim, shi da abokan cinikinsa suka sayi ta birnin Kolkata. Ƴan wasa kuwa gwanjonsu ake yi. A kira sunan mutum, masu ƙungiyoyi su yi ta tayi, wanda ya fi tsada ya ɗauka. A watan Nuwamba na 2024 a Jidda aka yi gwanjon, inda alhazanmu ke sauka. Wani ɗan wasa mai suna Rishabh Pant an taya shi a kan kuɗin da suka wuce dalar Amurka miliyan 3, na shekara guda. Ashe ɗalibina bai ƙara gishiri ba.

Amma Indiya ta yi muna girma. Gasar da ta fi kama da abin da yaron ke mafarki tana wani yanki da ake kira Karebiyan. Tsibirai ne ƙanana a cikin teku, kusa da Amurka. Yawancin mutanen wurin baƙaƙe ne irinmu, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka zamanin cinikin bayi. Kowane tsibiri da tutarsa da alfaharinsa, amma yanki guda ne, kamar yadda Kiyeshe da Dankasari da Dumega kowace ke da nata kirari amma duka Arewa ce. A 2013 suka buɗe tasu gasar ta gajeren kurket, CPL, da ƙungiya shida. Ana yin ta wajen watan Agusta da Satumba. Kowace ƙungiya da sunan ƙasarta, kowace kuma da mai ita.

To, mene ne mai kyau a ciki? Ba zan ɓoye ba, akwai. Wasan gajere ne, mai aiki yana iya kallo. Lokacinsa sananne ne, kowa ya san watan da za a yi tun shekara ba ta kama ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takarda. Ɗan wasa ba ya taka fili sai an rubuta yarjejeniya. An rubuta nawa za a ba shi, an rubuta tsawon aikin. Ko ya ci ko bai ci ba, akwai abin da ya sani nashi ne. In an hana shi yana da abin nunawa.

Yanzu mu komo gida. Mu ma muna da babbar gasa, kuma ba mu aro ta wurin kowa ba. Kokowar takobi ta ƙasa an fara ta a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce. Kantu na Maradi shi ya fara ɗaukar takobin. Yau jaha takwas ke zuwa, kowace da ƴan kokowa goma, mutum 80 ke nan. Ana zagayawa da ita jaha jaha. A watan Disamba na 2024 a Doso aka yi, a filin da ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani. Kwanakin nan ka sani, ko mai shayi rediyonsa na kunne, ko tsohuwa na tambaya wa ya kada wa. Wanda ya ci yana samun takobi da doki da kuɗi masu yawa, ga kyaututtukan manya.

Wannan mutum guda ke nan. Na biyu da na uku da na huɗu su ma suna samu. Sauran fa? Waɗanda ma ba su kai ga zaɓen jaha ba fa, su da ke cika dandali da kaka bayan an ɗaure dammunan gero? Su abincinsu kari ne. In ka yi kaye mai kyau, wani ya taso ya liƙa maka jikka, wani dala ɗari. In aka kada ka, ka kakkaɓe ƙasa ka koma gida hannu wofi. In ka karye, kai da iyayenka da maɗori. Ƙarfin ɗan kokowa kuma ba ya daɗewa. Shekara goma, in ya yi sa'a sha biyar, gwiwa ta fara magana.

Bari in ba ka labarin wani ɗalibina, ba zan faɗi sunansa ba. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Ran da ya fara zuwa aji, alli ya karye sau uku a hannunsa. Na tambaye shi abin da ya kawo shi karatu da girmansa. Ya yi shiru, sannan ya ce wani mai kuɗi ne ya zo har gida ya ɗauke su, su huɗu, zuwa wani gari a ƙetaren iyaka, wai ya shirya kokowa. Da baki ya ce kowa jikka hamsin, ban da mota da abinci. Ya kawo takarda suka dangwala yatsa. Suka yi kwana uku suna kokowa, fili ya cika, an sayar da tikiti. Ran sallama ya ba kowa jikka goma sha biyar. Da suka yi magana ya fiddo takardar ya ce ga yatsunku, an rubuta za a cire kuɗin mota da na masauki da na abinci. Guda cikinsu ya goce kafaɗa, ko kuɗin allura ba a ba shi ba.

Ya ce mini, "Malam, ban taɓa jin kaye irin wannan ba. Mutumin ko buhun gero ba ya iya ɗauka, amma ya kada mu mu huɗu da takarda guda."

Saboda haka in an ce a kawo tsari, a rubuta haƙƙin ɗan kokowa, a biya shi ko ya ci ko bai ci ba, ni ne na farko da zan ɗaga hannu. A Senegal ma masu shirya kokowa ƴan kasuwa ne, kuma manyan ƴan kokowarsu sai an sa hannu an ba da kafin alƙalami suke shiga fili. Neman kuɗi da ƙarfinka ba abin kunya ba ne. Wanda ke cewa kokowa gado ce, kada a haɗa ta da kuɗi, yawanci ba shi ne ke kwana da ciwon baya ba.

Inda na rabu da ɗalibina shi ne wurin sayar da ƙungiya. Saurari abin da ya faru a Karebiyan.

Jamaika tana cikin manyan ƙasashen yankin, kuma ta fidda gwanayen kurket da duniya ta sani. Ƙungiyarta, Jamaica Tallawahs, ita ta ci gasar farko a 2013. Ta sake ci a 2016, ta kuma ci a 2022. Sau uku ke nan. Amma mai ƙungiyar ɗan kasuwa ne da ke zaune a Amurka. A 2018 ma wasu wasannin da ake kira na gida a Amurka aka buga su, ba a Jamaika ba. A ƙarshen 2023 ya ce ba zai iya ci gaba da ɗaukar nauyinta a can ba. Ya mai da ita ga masu gasar, ya je ya buɗe wata sabuwa a tsibirin Antigwa. Da aka yi gasar 2024 babu ƙungiyar Jamaika a ciki. Yaran da suka sayi riguna, tsofaffin da suka yi ta ihu shekara goma, ba wanda ya tambaye su. Ba su da ta cewa, don ba tasu ba ce. Sunansu kawai aka ara.

Sauran ma sun ga canji. A 2015 kamfanin su Shah Rukh Khan ya sayi ƙungiyar Tirinidad, a 2016 aka sake mata suna ya dace da ta Kolkata. A 2021 aka sake ma ta Barbados suna, ya dace da wata ƙungiya ta Indiya mai iyayen gida ɗaya da ita. A Afirka ta Kudu, da aka buɗe irin wannan gasa a 2023, ƙungiyoyi shida ne, kuma duka shidan masu ƙungiyoyin Indiya ne suka saye su.

Kafin wannan ma mutanen Karebiyan sun sha wani darasi. Wani attajiri Ba'amurke, Allen Stanford, ya zauna Antigwa ya buɗe gasar gajeren kurket da kuɗinsa a 2006. Ya yi ta ɓarin kuɗi. A 2008 ya sa dala miliyan 20 a kan wasa guda. Aka yi ta yabonsa. A 2009 aka kama shi, ashe dukiyar ta mutane ce ya damfara. A 2012 kotu a Amurka ta yanke masa shekara 110 a kurkuku. Gasarsa ta mutu tare da arzikinsa. Rumfar da ke tsaye kan shika guda, ran da gara ta ci shikan, kowa ya san sauran.

Yanzu ka kwatanta da nan. A ce wani alhaji ya sayi ƙungiyar Dankasari. Shekara biyu yana kashe kuɗi, ana yi masa kirari. Shekara ta uku ciniki ya karye, ko ya ɓata da magajin gari, ko ya tsaya takara bai ci ba. Sai ya ce ya mai da ƙungiyarsa Kore Mairuwa, don can ne bakin kwalta, can ne ƴan kallo masu kuɗi. Wa zai hana shi? Kayansa ne. Mutanen Dankasari su wayi gari ba su da ƙungiya, ƙattansu na yi ma wani gari kokowa.

Ga kuma maganar gwanjo. Masu kuɗin Arewa ka san inda suke: Dogondutsi, da garuruwan da ke kan babbar hanya, da waɗanda ke zaune Yamai ko Kwatano suna aiko da saƙo. In wanda ya fi kuɗi shi ke ɗaukar wanda ya fi ƙarfi, to duk wani yaro da ya taso a Sukukutan ko Dogon Kirya, kafin ya yi suna an ɗauke shi. Gari biyu ko uku za su riƙa cin gasa kullum. Sauran su zama masu kiwo, wani na sha nono. Ƴan Karebiyan suna kuka da irin wannan. Ƙungiyarsu ta yanki ita ta ci kofin duniya a 1975 da 1979. A 2023 ko gurbin zuwa ba ta samu ba. A 2025 wani gwaninsu, Nicholas Pooran, ya bar buga ma yankin yana da shekara 29 kacal, ya ci gaba da wasa a ƙungiyoyin ƴan kasuwa. Ban zarge shi ba, kowa inda abincinsa yake can yake kallo. Amma ka ga inda ruwa ke gangarawa.

Me ke sa kokowa daɗi? Ka tuna ran da Isaka Isaka ya ɗauki takobi na shida a Agadas, a ƙarshen 2023. Jihar Doso duka ta tashi, Zabarmawa da Dandawa da Arawa da Fulani. Mutumin da bai taɓa ganinsa ido da ido ba yana cewa mun ci. Wannan "mun" ɗin ita ce dukiyar. In makaɗi irin Sagalo ya saki murya ya ambaci garin mutum da iyayensa, jikin kowa na tsima, don an san gidan, an san wanda ya haife shi. A ce bana yana ma wannan alhaji kokowa, baɗi an sayar da shi ga wancan, da wane gari za a yi masa kirari? Da sunan shago?

Na sani, ko yanzu akwai ƴan kokowa da ke komawa wata jaha su yi mata kokowa. Wannan mutum ne ya tashi da ƙafarsa ya sake mazauni, kamar kowane mai neman abinci. Ya bambanta da a ce garin ne kansa aka rubuta a takardar wani.

Akwai kuma caca. Inda kuɗi suka taru kan wa zai ci, sai ka ga masu son su san amsa tun kafin a fara. A Indiya abin ya fashe a 2013, aka kama ƴan wasa da zargin sayar da wasa. A 2015 aka dakatar da ƙungiya biyu har shekara biyu, saboda manyansu sun shiga caca. Kurket mutum 22 ne a wasa. Kokowa mutum biyu ne. In za a sayi kaye, mutum guda kawai za a gani a bayan rumfa. Ran da ƴan kallo suka fara shakkar kaye, ran nan fili zai fara bushewa.

To me nake so? Gasar rani ta Arewa, ina son ta. Bayan an gama kaka, kafin samari su watse cin rani, komin goman nan su kara. A yi ta gajera, da la'asar, a gama kafin magariba, don a wasu ƙauyukanmu na arewa tafiyar dare ba ta da daɗi a wannan zamani. A sa ranaku tun da wuri, a zagaya gari gari yadda ake yi da takobi.

Amma ƙungiya ta zama ta gari. Kwamiti ya riƙe ta: wakilin sarki, wakilin magajin gari, tsofaffin ƴan kokowa, samari, da mata, don su ke dafa abincin baƙi kuma sun fi mu iya riƙon asusu. Attajiri ya zo da kuɗinsa, marhabin. A rubuta sunansa ko na shagonsa a riga da ƙyalle, mai shela ya faɗe shi, makaɗa su wasa shi. Shekara guda. In ya ji daɗi ya sabunta, in bai ji ba ya tafi, wani ya zo. Ba ya ɗauke ƙungiya, ba ya sake mata suna, ba ya sayar da yaro ga wani. Ko a Indiya, duk da kasuwarsu, sun sa doka: cikin mutum 11 da ke fili, baƙi daga waje ba su wuce 4. Mu ma sai mu ce cikin goma, takwas ɗiyan komin ne, baƙo biyu ya isa.

Za ka ce, Malam, wane mai kuɗi zai zuba dukiyarsa cikin abin da ba nashi ba? Gaskiya ne, wasu ba za su zuba ba. Kuɗin za su fi ƙanƙanta, ban musa ba. Babu wanda zai samu miliyan a gasar Tibiri da Dutsi. Amma dubi kokowar takobi. Kamfanoni da ƴan kasuwa suna ba da kyauta kowace shekara, ana faɗin sunansu a rediyo da talabijin, kuma ba wanda ya ce jihar Doso tasa ce. Mai neman suna zai samu suna. Wanda ya ce sai dai a mallaka masa, to wani abu yake nema ban da kokowa.

Kuɗin ƙofa kuma a ƙirga su a gaban mutane, a rubuta a allo: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita. A nan ne kai mai karatu kake da aiki. Da can in an ce an rubuta, sai ka ce to. Yanzu kana iya matsawa kusa da allo ka haɗa lissafi da kanka.

Takardar ɗan kokowa ita ce babba. A rubuta ta da Hausa, ba da Faransanci ba. A karanta ta da ƙarfi gaban shaidu biyu. A yi ta kashi biyu, guda wurin kwamiti, guda a aljihun mai ita. In ɗanka ne ko ƙanenka ko mijinki za shi kokowa, kada ya dangwala yatsa sai wani na gida ya karanta. Ka nemi lambar kuɗi da idonka. Ka nemi ranar biya. Ka duba ko an ce za a cire wani abu. Ka duba wa zai biya magani in an ji ciwo. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, ka ce a rubuta. In mai takarda ya fusata don ka ce a rubuta, ka riga ka san ko wane ne.

Mako na gaba na kai wannan magana aji. Na ce mu gwada rubuta irin takardar a allo, kowa ya kawo layi guda. Ƙaton nan mai karya alli shi ya fara. Ya rubuta a hankali, harshe a waje: "Mota da abinci ba a cire su cikin kuɗina." Wata mata ta ce a ƙara cewa in ya karye, a kai shi likita, kada a tsaya ga maɗori kawai. Aka yi gardama kan wannan, don wasu sun fi yarda da maɗori, daga baya aka rubuta duka biyu.

Saurayin Legas bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ya ce, "Malam, kwamiti ma ai suna cin kuɗi." Na ce haka ne, amma ɗan kwamiti gobe za ka gan shi a masallaci, ka san ƙofar gidansa. Ya ce zai sake tunani, amma shi har yanzu yana ganin alhaji guda ya fi taron mutum goma saurin aiki. Muka bar ta nan.

Muna shirin tashi sai Baba ya ɗaga sandarsa ya nuna allo. Ya ce, "Malam, kun rubuta na mai kokowa, kun rubuta na mai magani. Makaɗi fa? Wa ya taɓa ganin kokowa ba ganga?" Wallahi duk mun manta. Na miƙa masa alli na ce ya zo ya rubuta da kansa. Ya daɗe a kan ƙugiyar "ɗ", ya goge sau biyu. Kafin ya kai ƙarshen layi an kira magariba, muka bar allon haka ba mu shafe ba.